Gishiri a Rijiyar Gari

Karimata Genei ya saci ruwan jama'a, kuma ranar roƙon ruwa ya zaɓa ya yi satar. Mutanen tsibirin duk sun hau tudu suna buga ganguna, shi kuwa yana bakin rijiyar gari yana zura tiyon injin jan ruwa a cikinta.

Ya san doka sarai, yaro ma ya san ta: guga kaɗai ake jefawa a rijiyar nan. Ruwan daɗi a tsibirin kwance yake a kan ruwan teku, kamar mai a kan miya. In an ɗiba a hankali ya sake taruwa, in an zuƙa da ƙarfi gishiri ya taso. Amma damina ta yi nisa babu ko ɗigo. Kullum da la'asar hadari ya haɗu, ya tsallake su, ya je ya zuba a babban tsibiri can ƙetare, suna tsaye suna kallo. Ganyen rakensa ya naɗe. Ya bar injin yana zuba wa gonarsa ruwa har gangunan suka yi shiru.

Washegari matarsa Toyo ta dawo daga ɗaurin awaki, ta tsaya tana dubansa.

"Maigida, gonarmu kaɗai sama ta tuna da ita jiya?"

"Raɓa ce."

"Raɓa ce ta kai maka laka har gwiwa?"

Ya nufi rijiya, ya ja guga ɗaya, ya kurɓa. Kamar da gishiri. Ya goge baki, ya ce wa kansa gumi ne. Ya sake kurɓa, harshensa ya ƙi gaya masa gaskiya. Gidaje, shanu, makaranta, duk a wannan rami suke sha, kuma jirgin kawo kaya ba kullum yake zuwa ba.

"Genei, zo ka sauke mini tukunya."

Gwaggo Kamado ce, ƙanwar ubansa, mai yi wa gari awara, take kiransa daga ƙofar gidanta da ke kusa da rijiyar. Ya bi ta kicin. Yadda kowa ke yi a tsibirin, da ruwan rijiya ake niƙa waken suya a dafa, sai a ƙarshe a zuba ruwan teku madarar ta dunƙule. Ga tulun ruwan tekunta nan a gefe, cike, ba a taɓa shi ba. Madarar kuwa ta riga ta tsinke a cikin tukunya, gudaji-gudaji.

"Ka gani? Tun ina yarinya nake wannan aiki, awara ba ta taɓa yin kanta ba."

"Wataƙila waken ne ya tsufa, Gwaggo."

"Ni ce na tsufa, ba waken ba. Teku ta shigo rijiya."

Ta zauna a kan turmi. Ta yi magana a hankali, ba ta dube shi ba.

"Jiya na duba sahun masu ganga. Gangar ubanka tana rataye, babu mai buga ta. Na ce wa mutane zazzaɓi kake yi."

"Rake na mutuwa, Gwaggo. Sau ɗaya ne kawai."

"Yau da me jikokin mutane za su sha shayi, ɗan nan? Da rakenka?"

Ya ji muryoyin mata a waje, sun nufi rijiya da bokitai, suna dariyar wata da ta yi rawa jiya har ta faɗi. Ya tsaya riƙe da tukunya, yana jira. Dariyar ta yanke. Ya ji wata ta tofar da ruwa.

Raken Genei ya ƙone kafin mako ya zagayo, domin rabin abin da ya zuba masa ruwan gishiri ne. Gano mai laifin bai yi wuya ba, domin gonarsa kaɗai aka gani a jiƙe. Taron gari ya cire gidansa daga gayyar yankan rake, ya kuma ɗora masa jigilar ruwan sha da kwalekwalensa daga babban tsibiri, kullum, har rijiyar ta dawo daɗi. Toyo ta koma gidan yayanta. Damina biyu sun wuce, yana nan yana jigila.