'Yar Gata a Jakar Matata

…kuma abin da ya fi ci min rai ba na'urar ba ce. Wata huɗun ne. Wata huɗu kina fitowa daga ɗaki da safe, farar rigar asibiti a jikinki, tab ɗin nan, kwamfutar hannun da na ba ki, a hannu — a hannu fa, ba cikin jaka ba, don in gani — ki ce "Baban yara, na tafi," ni kuma in ce Allah ya kiyaye hanya, ina washe baki kamar sakarai. Ashe kina isa wurin aiki loka kike jefa ta, ki zaro wannan. Wannan 'yar firit ɗin da ke gabana yanzu tana wani sheƙi.

Ga su nan su biyu a kan teburin gyara. Tawa a hagu, wadda Yayanki ya saya miki a dama. Na ture wayoyin mutane gefe, na kashe ƙarfen narka dalma, tun da na buɗe shago yau ban taɓa aikin kowa ba.

Makullin babur kawai nake nema. Shekara goma sha uku da aure, yaushe na taɓa sa hannu a jakarki? Ke kika ce daga banɗaki, "Duba jakata, jiya na tsince shi a kujera." Kin manta. Na ɗaga safar hannun roba, na ɗaga littafin awo, sai na ji wani abu mai sanyi an naɗe shi da mayafi. Tun kafin in warware na san ko mene ne. Hannuna ya sani. Sau nawa na riƙe irinta?

'Yar Gata. Haka muke kiranta a layinmu na masu waya. Ƙaramar kwamfutar hannun nan da kowa ke mafarki, wadda in mutum ya saya sai ya riƙa kife ta a tebur don a ga tambarin bayanta. Ita ke jan kasuwa, sauran duk a bayanta suke. Ni kuwa shekara tara ina cikin sauran. Shekara tara ina tsaye a bakin wannan shago ina ce wa mutane, ku bar tambari, ku dubi aiki…

A gidana. A jakar matata.

Me take da shi da tawa ba ta da shi? A'a, ki faɗa min, tunda ke kika yi wata huɗu kina gwadawa. Layi biyu take ɗauka? Ba ta ɗauka. Wurin sa memori? Babu. Cajarta in ta ɓace, ki je ki ari ta maƙwabta mu gani. Tawa noti takwas ne a baya, in kwance, in canja batir, in ɗaure, kafin ruwan shayi ya huce mai ita ya tafi da abarsa. Wannan kuwa gam suka malala mata ciki, sun liƙe ta kamar ba sa son ɗan Adam ya sake leƙawa. Ki fasa gilashinta, in sa miki wani mai kyau, ta ƙi karɓa, wai ba na gidansu ba ne. Ka sayi abu da guminka, amma ba naka ba ne. Nasu ne, aro suka ba ka. Wannan ce kika naɗe da mayafi kamar jaririya?

"Injiniya, har yanzu farantai kake sayarwa?" Yayanki ke nan, ya miƙe ƙafa a falona, yana juya tab ɗina a hannu, yana ƙwanƙwasa bayanta da farce. "Wannan ai a ɗora kofi biyu a kai wa baƙo." Kowa ya yi dariya. Ke ma kin yi. Kin sunkuyar da kai, amma na ga kafaɗarki tana rawa. Na ce, Yaya, ai ba kowa ke da aljihunka ba. Ya ce, "To mai aljihun banza ya haƙura mana." Ya haƙura! Malamin firamaren da ke shirya darasi a kan tawa ya haƙura? Telar da ke nuna wa mata ɗinki a kai ya haƙura? Yarinyar nan mai karatun haɗa magunguna da ta zo da ubanta, suka yi ta zagaye layin nan har rana ta yi tsaka, kowa na nuna musu abin da ya fi ƙarfinsu, ta fita daga shagona tana rungume da kwali tana dariya — ita ma ta haƙura? Su zauna hannu rabbana har ranar da za su iya sayen tambari?

Dogo mai sayar da caja yana leƙowa ta ƙofa. "Injiniya, lafiya? Ka yi shiru yau." Lafiya. Na ja jarida na rufe ta dama. Dubi abin da kika mai da ni. Ina ɓoye kaya a shagona kamar ɓarawo. In Dogo ya gan ta, kafin la'asar duk layin nan ya ji: mai wa'azin araha, matarsa 'Yar Gata take riƙewa.

Kuma ba tarkace na ba ki ba. Wallahi ba tarkace ba ce. A cikin kaya guda na zaɓo ta, wadda ta fi kowacce. Kwana uku ina gwada ta. Na goge duk shirgin da suka cusa mata, na sa miki manhajar hoton ciki da hannuna, na haɗa ta da 'yar na'urar da kike gogawa a cikin mata, har a tumbina na gwada, kina dariya kina cewa saura wata biyu in haihu. Ranar kin ce min, "Yanzu ba sai na tura kowa layin babban asibiti ba." Ni na yi miki wannan. Ni, ba Yayanki ba.

"Taka ta tsaya min ina kan duba mace."

Haka kika ce da safe, kina tsaye da tawul a kafaɗa, ko muryarki ba ta ɗaga ba. Da ma kin yi ihu. Da ma kin ce, e, na fi son mai tsada, sai me? Da na san abin da zan ce.

Ta tsaya… To wace na'ura ce ba ta tsayawa? Ita 'Yar Gatar ba ta tsayawa? Nawa aka kawo min nan sun mutu murus, masu su na share gumi? Ƙarfe ne da gilashi, ba wahayi ba. Sau ɗaya. Sau ɗaya tak, sai a yanke wa mutum hukunci, ba a ko kira shi ya kare kansa ba? Me ya hana ki kawo min ita a ranar? Mijinki mai gyara ne! Mutanen da ban taɓa gani ba suna hawo mota biyu su kawo min nasu, ke da muke kwana ɗaki ɗaya kika ɗauki waya kika kira Yayanki. Me kika ce masa? Da wace murya? Na san yadda ya yi. Na san irin murmushin.

Bari ma in nuna miki. Ga su, na kunna su tare. Ɗaya, biyu… to, taki ta riga tawa buɗewa. Da ƙiftawar ido nawa? Mutum zai mutu don ƙiftawar ido? Ga tawa ma ta buɗe. Ga manhajar. Ga ta, tana aiki sumul. Ki zo ki gani mana! Haske, kala, komai. In na rufe bayansu na miƙa wa mutum goma a titin nan, bakwai ba za su bambance ba. Bakwai! Shi ne abin da nake faɗa kullum, shi ne gaskiya, kuma ba zan daina faɗa ba don…

"Jini take zubarwa. Ina neman bugun zuciyar ɗan, sai hoton ya daskare. Na danna, na danna. Na kashe na kunna. Minti huɗu ina kallon wannan da'irar tana juyawa, matar kuma fuskata take kallo. Tana tsammanin na ga wani abu ne na kasa faɗa mata."

Minti huɗu. Kin ƙirga. To sun rayu ai, ke da bakinki kika ce sun rayu, ita da ɗan, kun sa ta a mota kun tura. Sun rayu! Me kuma ake so?

Bayanta ya fara ɗumi.

Tawa nake nufi. Na kifa tafin hannuna a kai. Nan, saman nan ta hagu, inda ƙwaƙwalwarta take. Minti nawa da kunnawa? Ko ashirin ba a yi ba. Ta dama kuwa sanyi ƙalau, 'yar banza, kamar ba ita ke aiki ba.

Zafin shago ne. Fankar nan ba ta juyawa yadda ya kamata, tun makon jiya nake cewa zan…

A'a. Na san wannan ɗumin. Na san shi kamar yadda kika san ciki mai tagwaye tun daga bakin ƙofa. In ta ɗau zafi sai ta rage gudu don kada ta ƙone, in ta rage gudu hoto ya fara tsalle, daga nan sai… Ni ne fa nake ce wa masu saye, "Ka riƙa barinta tana hutawa." Ina faɗa ina dariya. Tana hutawa! Mai kallon wasan ƙwallo zai bari ta huta. Tela zai bari ta huta. Ke da mata talatin ke jere a benci tun safe, wa za ki ce wa ta jira na'ura ta sha iska?

Ban yi tunanin wannan ba. Ko na yi? Kwana ukun da na gwada ta, minti biyar-biyar nake yi, in ajiye, in kama wani aiki. Me ya sa ban bar ta awa guda tana aiki ba? Na manta ne, ko kuwa ba na son in gani?

Su ma… su ma 'yan iskan da ke ƙera tawa! Sau uku suna canja suna tun da na fara kawo kayansu. Bara wani tambari, bana wani, ciki kuwa abu ɗaya. Kwali ya ce ƙwaƙwalwa kaza, ka buɗe ka ga rabi. Na rubuta musu a kan sabuntawar manhaja, shekara guda ke nan ba su aiko da ko ɗaya ba, saƙon ya dawo min, wai babu mai wannan adireshin. Suna iya yi fa! Abin da ke ƙona ni ke nan. Ɗan ƙarfen da zai janye zafin nan bai kai faɗin farcena ba. Sun san shi, suka cire, don su rage wani ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Su suna can, ba wanda ya san fuskarsu. Ni ne a bakin shago. Fuskata ce tambarinsu. Ni nake rantsuwa, ni nake cewa in ta ba ka matsala ka dawo, ni nake kare su a gaban Yayanki kamar 'yan uwana na jini, su kuwa ko sunana…

Waɗancan su liƙe nasu da gam su ce kada ka taɓa. Waɗannan su sayar su gudu. Mu kuma a tsakiya, da sukundireba a hannu.

Amma ke, da kin faɗa min. Wata huɗu. Kin ɗauke ni wane irin mutum ne? Wanda za a riƙa lallaɓawa kamar mara lafiya? Kin zaci in kika ce "Baban yara, tab ɗinka ta kusa sa ni asarar rai," zan ce… zan ce…

Me zan ce?

Zan ce ke ce ba ki iya riƙe ta ba. Zan ce kin cika ta da hotuna. Zan karɓa, in goge, in mayar miki washegari in ce ta warke, ki koma da ita kan wata matar. Haka zan yi. Abin da na yi da safe ma ai ke nan — kina magana ina ɗaga murya, yara sun tsaya da burodi a hannu, na fizge 'Yar Gatar, na shiga ɗaki na ɗauko tawa, na zuba su a jakar kayan aiki na fice. Kin biyo ni har bakin ƙofa kina cewa wani abu. Ƙarar babur ta danne. Ban ma waiwaya ba.

Ta dama ta yi ƙara. Saƙo ya faɗo a saman gilashin, ba sai na buɗe ba, ga shi ɓaro-ɓaro. Abokiyar aikinki ce, ba ta san ba a hannunki take ba.

"Sista, ki zo da na'urar zuwa ɗaki na biyu. Mai wata takwas ɗin nan ta ce tun jiya ba ta ji motsi ba."

Yau Laraba. Ranar awo.

Kina can hannu wofi. Duka biyun suna nan, a gabana, tsakanin fulaya da gwangwanin noti. Abin da kike faɗa a bakin ƙofa ke nan. Ba haƙuri kike ba ni ba…

Makulli, makulli, ina na — ga shi. Minti goma sha biyar in ba cunkoso. Jaka. Ɗaya zan ɗauka ko duka? Duka mana, ki zaɓa da kanki, ki zaɓa a gabana. A'a. Wane zaɓi kuma, mace na kwance? Hannuna ya riga ya tura ta dama cikin jaka, bai ko tambaye ni ba.

Ga wani mutum a bakin ƙofa, ya riƙo hannun 'yarsa budurwa, sun tare min hanya. Yana murmushi. "Kai ne Injiniya? An ce in zo wurinka, kai ba ka ƙarya. Makarantar koyon jinya ta samu, tab muke so, mai sauƙi, wadda ba za ta ba ta kunya ba."

Tawa tana nan a kan tebur, a kunne, tana haske. Idon yarinyar na kanta.

Bakina a buɗe yake. Shekara tara maganar tana fitowa da kanta, ko ban yi tunani ba… Ku ɗan matsa, don Allah. Ku ɗan matsa in wuce tukuna.