Farin maganaɗisun Dokta

Shekara tara ina wankin kwalabe a ɗakin gwajin sinadarai, da shi nake ciyar da 'ya'ya huɗu, sai ran Litinin Dokta ya ce wai ban iya wanki ba.

Aikinsa kan wasu ƙwayoyi ne da ido ba ya gani. Shi ya gaya min: kowace tana gane gutsattsarin da suka dace da ita a cikin ruwa, kamar maɓalli da ƙofarsa, ta riƙe su har su haɗe su zama irinta sak. Ɗaya ta zama biyu, biyu huɗu. Na ce ikon Allah, abu ba rai yana haihuwa. A kwalba mai tsabta sai an yi mako kafin su yi yawa ruwan ya yi kauri. To nasa yanzu kwana ɗaya yake kauri.

"Mama, saura kike bari a kwalba, shi ke zama iri," in ji shi. "Ƙarshen wata zan kawo wata mai wanki."

Na ce, "Dokta, ni da ba na salla da ɗigon datti a zane? Sau uku nake ɗauraye kowace. Ɗan farin maganaɗisun nan da ke juya maka ruwa, ka taɓa miƙo min shi?"

Ai na sha ganinsa. Ya tsamo shi daga tsohuwar kwalba, ya goge da takarda, ya jefa a sabuwa. Ga shi duk ƙwarzane.

"Yanzu ke za ki koya min aiki?"

"Naka ban sani ba, ɗan nan. Nawa na sani."

Na dire kwalba biyu wankina a gabansa. "Sa tsohon maganaɗisun a wadda ka ga dama, ɗayar ka ɓare sabo. In duka sun yi kauri gobe, ba sai ƙarshen wata ba, da ƙafata zan fita."

Da safe na riga shi zuwa, amma ban leƙa ba, na kama wankina ina salati. Ya shigo, ya ɗaga su a haske. Mai tsohon ta yi kauri kamar sabulun ruwa, ɗayar garau.

Ya sosa ƙeya. "Mama, ashe…"

Na tura masa bahon wanki da ƙafa. "Jefo maganaɗisun nan ciki. Har da cokalin ɗibar sinadari da ke aljihunka."