Gajiyar Aro

Tun tana budurwa ake kiranta Guguwa, kuma wanda ya raɗa mata sunan bai yi mata ƙage ba. In ta fita da ƙawayenta uku, ƙeyarta kawai suke gani, gyale na kaɗawa, jaka a hammata, tana waiwayowa tana cewa su ɗaga ƙafa. Ita ta ƙirƙiro wannan yawon buɗe ido da suke zuwa ƙasar waje tun da 'ya'ya suka girma suka bar musu gidaje wayam. Ita ke zaɓen gari, ita ke neman masauki, ita ke faɗa da direban tasi ko da ba ta jin yarensa. Sauran ukun aikinsu bi da mita: Sista, wadda ta yi ritaya daga aikin jinya, da Tela, da Auta, wadda ta ba hamsin baya amma har yau ita ake aika ta ɗauko ruwa.

Bana sai aka yi wa Guguwa aiki a gwiwa. Babban ɗanta ya so ta haƙura da tafiyar, ya ce kada ta je ta zame wa mutane kaya. Ba da mugun nufi ya faɗa ba, amma maganar ta tsaya mata a rai. Ta yi wa kanta alkawari: in har ta ga ana jiranta a hanya, ana yi mata kallon tausayi, to daga wannan ta gama tafiya. Sandar da likita ya ba ta, mai naɗewa, a ƙasan akwati ta tura ta, ta danne da zannuwa.

Garin kuwa kamar da gayya aka gina shi. Titunansa duk duwatsu ne aka jera, ga hawa ga gangara, motocin lantarki na ratsa tsakiya suna kaɗa ƙararrawa. Da safen farko Guguwa ta shige gaba kamar yadda ta saba. Ba su yi nisa ba gwiwar ta fara magana. Ta dafa bangon wani kanti, ta yi kamar tana duban kayan da ke cikin gilashi.

"Wayyo ƙafata," in ji Tela daga baya. "Wannan takalmin ya cinye mini dunduniya. Ku zo mu shiga nan in gwada wani."

Guguwa ta yi tsaki, amma ta bi su. Kantin takalma ne mai kujeru masu laushi. Tela ta sa aka yi ta sauko mata da kwalaye, tana sa wannan tana cire wancan, tana juya ɗinkin tana cewa ko yaron shagonta ba zai yi wannan aika-aika ba. Guguwa na zaune tana ba da shawara, gwiwa na hucewa. A ƙarshe Tela ta mayar da tsohon takalminta, ta yi wa yarinyar kantin godiya da hannu biyu, suka fito ba su sayi ko igiya ba.

Haka aka yi ta yi. A gidan tarihi Sista ta sami benci gaban wani zanen kwano da 'ya'yan itace, ta ce ita fa ba za ta motsa ba sai ta fahimci abin da mai zanen yake nufi. A bakin kogi Auta ta nace sai an sha askirim, ana iska mai sanyi, tana sha haƙoranta na haɗuwa. A kasuwar da ke ƙarƙashin wata babbar rumfar ƙarfe, inda suka sayi turare da sabulu da gyaluluwan jikoki, Tela ta ce jiri take ji, sai an zauna an sha shayi.

Guguwa daɗi ya cika ta. "Kun tsufa, wallahi kun tsufa," take ce musu. "Ni da aka yanka ni ce nake jiranku." Har waya ta buga wa ɗanta daga wani gidan abinci, ta faɗa masa haka da ƙarfi don su ji. Su kuwa suka sunkuyar da kai a kan kifin da aka kawo musu, fari fat, ba mai ba barkono, sai yankin lemo a gefe. Auta ta taɓa shi da cokali ta ce wannan kifin bai ma san an dafa shi ba. Sista ta ce irinsa take ba marasa lafiya su yi fushi da ita. Duk da haka suka cinye tas, suka suɗe da burodi, suka nemi ƙari.

Sai dai Guguwa ba yarinya ba ce. Sannu a hankali lissafin ya fara ƙin fita. Tela da ke yini tsaye a kan teburin yanka, yaushe ta fara jiri? Sista da ko hoton bikin 'yarta ba ta tsayawa kallo, yaushe ta zama mai son zane? Kuma me ya sa gajiyar ba ta taɓa kama biyu a lokaci ɗaya, kullum sai ɗaya bayan ɗaya, kamar masu karɓa-karɓar aiki? Ta ƙi yarda da abin da zuciyarta ke faɗa mata, don ta san abin da zai biyo baya in ya tabbata.

Ranar da za su hau hasumiya ce asiri ya tonu. Wannan hasumiyar ita ce dalilin zuwansu garin. Hotonta Guguwa ta tura musu tun farko, ta ce daga samanta ana ganin gari duka har teku. Tsohon gini ne, ba na'urar hawa, sai matakala mai murɗewa kamar dodon koɗi. Suka sayi tikiti, suka tsaya a ƙofa. Guguwa ta ɗaga kai ta dubi matakalar, sannan da gangan ta miƙa hannu ta dafa bango.

"Kai, cikina," in ji Auta.

"Takalmin nan dai," in ji Tela.

"Ni fa sai na ɗan zauna," in ji Sista.

A tare suka faɗa, kamar 'yan aji. Tela ta harari Auta. Auta ta ce mata ƙasa-ƙasa, "Ai Yaya ke kika yi na safe." Sista ta rufe ido.

Guguwa ta sauke hannunta daga bangon. Kunya ce ta fara rufe ta, irin wadda ke sa kunnuwa zafi, sai fushi ya biyo baya. Ta tuna yadda ta yi ta cika baki a waya, su suna zaune suna jinta.

"Tun yaushe?" ta ce.

"Tun a jirgi muka tsara," in ji Tela. "Sista ce ta raba."

"Ashe wasa kuke yi da hankalina. Kun mai da ni jaririya."

"Haba 'yar uwa," in ji Sista, "na ga gwiwa irin taki ta fi a ƙirga. Na san lokacin da take neman hutu. Da na ce ki zauna, za ki zauna?"

Guguwa ta nemi dakali ta zauna, ta ɗora jaka a cinya. "Ku hau," ta ce. "Ku ba ni kayanku in riƙe muku. Dama an faɗa mini kaya zan zame muku, ga shi kuwa. Daga wannan kuma na gama, ku nemi wata ta huɗu."

Muryarta ta karye a ƙarshen maganar, abin da ya ƙara ba ta haushi.

Tela ta ajiye ledojinta ta riƙe ƙugu. "Ke dai ba ki da kunya. Shekara nawa muna binki muna haki kamar awaki? Ni kin taɓa jina na ce na gama? A wancan garin ƙafata ta kumbura har takalmi ya ƙi shiga, na bi ki da silifas ɗin banɗaki. Yanzu don an jira ki sau nawa, shi ne za ki watsar da mu?"

"Wallahi Yaya wannan ce tafiyar da na fi jin daɗi," in ji Auta. "Yau ne na san garuruwan nan suna da kujeru. Askirim ɗin ne kawai ya cuce ni."

Dariya ta so ƙwace wa Guguwa, ta danne ta.

"Tashi," in ji Sista. "Ba mai hawa sai kina gaba. Mu ba mu san bin kowa ba. Inda kika tsaya, nan ne saman hasumiyar."

Guguwa ta daɗe tana duban su ukun, da furfurar da ke leƙowa ta gefen ɗankwali, da ledojin tsaraba, da takalmin Tela da bai taɓa cin dunduniyar kowa ba. Sannan ta miƙa wa Auta jakarta, ta tashi.

Matakalar ƙunci gare ta, mutum ɗaya take ɗauka. Guguwa ta kama igiyar da ke jikin bango, ta ɗaga ƙafa mai lafiya, ta jawo ɗayar. Sista na bayanta daf, ba ta taɓa ta ba. Can baya wasu matasa masu jakunkunan goyo suka taru suna neman hanya, Tela ta cika matakalar da jikinta ta juya ta yi musu murmushi, ta ce da Hausa, "Ku yi haƙuri 'ya'yana, manya ne a gaba." Ba su ji ba, amma sun gane.

A hawa na farko akwai ɗan fili da taga siririya da benci na dutse. Zufa ta jiƙa wa Guguwa wuya, gwiwar na zafi kamar an zuba garwashi. Sama kuwa da saura, da saura sosai. Ta tsaya ta dubi matakalar da ta rage, ta dubi bencin. Ba wadda ta yi ciwon ciki, ba wadda takalmi ya matsa. Suka tsaya suna jiranta.

"Na gaji," ta ce.

"Alhamdu lillahi," in ji Tela.

Suka matsa gefe matasan suka wuce da gudu. Su huɗun suka cusa kansu a bencin da aka yi don mutum uku, Auta rabin jikinta a waje. Ta tagar ba a ganin teku. Rufin gidaje ne jajaye, da igiyar shanya, da wata tsohuwa tana ba tukwanen furanninta ruwa. Suka yi ta karɓa-karɓar leƙawa, Tela na cewa dubi wancan labulen, an yanka shi a karkace.

Guguwa ta share fuska da bakin gyale, ta daɗe tana sharewa.

"Tafiya mai zuwa," ta ce, "gari mai shimfiɗaɗɗiyar ƙasa zan zaɓa mana. Auta, in mun koma masauki ki zazzage akwatina, akwai sanda a ƙasa."