Ƙwan Guza a Ƙirjina

Jiya da dare na yi wani mafarki da har yanzu raina bai huce ba. Wai an damƙa mini kiwon wata guza da aka kawo daga fadamun Asiya, tsawonta ya fi ƙyauren ɗaki. Cikinta fal ƙwai. Irinta sai ta sami ƙasa mai danshi da ɗumi take haƙa rami ta saka. In ba ta samu ba, ƙwan ya ruɓe a ciki ya kashe ta.

Matsalar ita ce, a garin da muke, daga ƙasa ake ruwa zuwa sama. Ina kallo kududdufin da take iyo ya tashi, da kifin abincinta da ƙaguwa, ya bar mu a kan tsandauri. Ta zaro harshenta mai reshe biyu ta ɗanɗani iska, ba ta ji laima ba. Na goya ta da zani.

Sai ga mu a Ofishin Danshi. Wani bunsuru da jar dara yana tauna labulen taga.

"Yallaɓai, jiƙaƙƙen yashi nake nema."

"An yi wa danshi canjin wurin aiki," in ji shi. "Ka koya mata tashi sama."

"Ka taɓa ganin guza da fiffike?"

"Ka taɓa nema mata?"

A bayana kuwa Baduku Ɗanlami ne, mai ɗinkin takalma, yana ta auna jelarta da tafin hannu.

"Malam Tanimu, kada ka damu, ba sauri nake ba. In ta cika, silifas ɗaya naka ne."

Nan zuciyata ta tafasa. Na zagi bunsurun, na zagi hularsa, na zagi kakan Ɗanlami. Gumi ya karyo mini, ƙirjina ya ɗau zafi kamar tanda. Guzar ta zamo daga goyo, ta lashi rigata, ta tura ni ƙasa. Da faratanta ta haƙa rami a ƙirjina, ta zuba ƙwanta, ta mayar ta rufe, ta kwanta tana numfashi a natse.

Bunsurun ya leƙo. "To, sai ka riƙe fushin nan watanni. Ranar da ka huce, sun mutu."

Ɗanlami ya ji. Nan take ya durƙusa.

"Yayana, tuba nake. Ka yafe mini."

Ya tara mini gari guda, kowa na ba ni haƙuri, wani na yi mini fifita, wata ta kawo kunun zaƙi mai sanyi. Na ji ƙwan sun fara sanyi. Na rarumi kofin kunun zan jefi Ɗanlami da shi, faratan guzar na ta ƙarar-ƙarar a haƙarƙarina.

Na buɗe ido. Matata Hansai ce ke kankare ƙanzon tukunya a tsakar gida.

"Na tashe ka ko? Yi haƙuri."

Na dafe ƙirjina. "Kada ki kuskura ki sake ba ni haƙuri."