Faifan da Aka Ce Ya Mutu

Kai ma ka taɓa ganin irin saƙon nan. Ya fito a allon kwamfutar wurin aikinku, ɗan akwati da rubutu layi biyu, ka danna ka kore shi ba ka karanta ba, ka juya ka ce wa na kusa da kai, "Abin nan ya lalace." Daga nan ka fita cin abinci. Kada ka yi musu. Abin da aka yi ke nan a wani ƙaramin asibitin unguwa, sati biyar cur, har ranar Larabar da Baba Tela ya zo.

Likitan ƙirji ranar Laraba kawai yake zuwa asibitin. Ƙarfe tara ya shigo, sha biyu daidai direba ya ɗauke shi zuwa wani asibitin. Sha ɗaya da kwata 'Yar Kati ta kai masa katin Baba Tela. Ita ce mai kula da ɗakin kati, wata huɗu kacal da fara aikinta, kuma tun zuwanta ba a taɓa ganin ta zauna minti biyar a kujera ɗaya ba.

Baba Tela na zaune a gaban Likita, awon ɗinki har yanzu rataye a wuyansa, yana tari cikin hankici. Shi ke ɗinka wa nas-nas ɗin asibitin rigunan aiki. Likita ya daɗe yana kallon hoton ƙirjin da aka ɗauka da safen nan, sannan ya nuna wani tabo da bakin biro.

"Kati ya nuna an ɗauke shi hoto wata bakwai da suka wuce. In tabon nan yana nan yadda yake tun lokacin, tsohon ciwo ne, ya tafi gida da magani. In girma ya yi, yau zan tura shi babban asibiti. Gurbi biyu ake ba ni a sati, ɗaya ya riga ya tafi, ba zan ba da na biyun da ka ba. A kawo min tsohon hoton."

Mai Hoto, wanda ke ɗaukar hotunan ƙirji, yana jingine a bakin ƙofa. Ya sosa ƙeya.

"Ranka ya daɗe, ai faifan da tsofaffin hotuna ke ciki ya riga mu gidan gaskiya. Tun da aka canja kwamfuta."

"To Allah ya ji ƙansa," in ji Likita, ya ja katin na gaba. "Baba, jira a waje. In ba a samu ba sai mu ga yadda tarin zai yi nan da wata biyu."

Wata biyu! 'Yar Kati ta juya da sauri. Ta bi bayan Mai Hoto har ɗakinsa.

"Yaya, ina gawar?"

"Wace gawa kuma?"

"Faifan."

Ya jawo durowa ta ƙasa. Ga shi nan kwance tsakanin matattun batura da wani almakashi mai tsatsa, baƙin abu kamar tafin hannu, wayarsa naɗe a jikinsa. Ta hure ƙurar, ta jona shi da kwamfuta. 'Yar fitilarsa ta kama, ya fara gurnani a hankali. Alamarsa ta bayyana a allo da hoton kwaɗo a kai. Ta danna, saƙon ya fito.

Mai Hoto ya miƙa hannu zai kore shi kamar yadda ya saba. Ta buge hannun.

"Tsaya! Ka taɓa karanta shi?"

"Me zan karanta? Ya ƙi buɗewa."

Ta karanta da ƙarfi, ta fassara masa kalma-kalma. "Bai ce ya lalace ba. Cewa ya yi ba mu da izinin ganin abin da ke ciki. Lafiyarsa ƙalau, Yaya. Kulle yake."

"To, Farfesa. Ajin kwamfutar nan na ranar Asabar ya fara hawa kanki."

Ba ta kula shi ba. Sabuwar kwamfutar da manhajar Linux take aiki, irin wadda ake koya musu a ajin. Ta buɗe baƙin allon da ake rubuta umarni, ta tambayi kwamfutar wa ke da faifan. Inda ya kamata suna ya fito, sai ga lamba tsirara: 1003. Nan take ta gane. A tsohuwar kwamfuta lambar ta Injiniya ce, wanda ya tsara musu komai kafin ya sami aiki a wani gari. Sabuwar ba ta san kowa da wannan lambar ba. Faifan yana jiran maigidan da ba ya nan, ya hana kowa shiga.

Agogon bango ya ce sha ɗaya da rabi. Ta kira Injiniya. Sai a kira na uku ya ɗauka, iska na kaɗawa a wayar.

"Ƙanwata, ina kan tsani fa, yi sauri."

Ta yi masa bayani a numfashi ɗaya.

"Wannan ne? Ai minti ɗaya ne. Sa masa bakwai-bakwai-bakwai gaba ɗaya, kowa ya shiga, a huta. Kalmar sirrin mai iko da kwamfutar tana cikin ambulan, na bar wa Anti Babba. Sai an jima, kada in faɗo."

Ta fita a guje. A benci Baba Tela ya ɗaga kai.

"'Yata, in tafi ne? Na bar shago a buɗe."

"Baba, don Allah ko nan da ƙofa kada ka je."

Anti Babba, shugabar nas-nas, shekara ashirin da shida a asibitin, tana ɗakin allura tana jera kwalabe. Ta saurari 'Yar Kati ba ta ko juyo ba.

"Ambulan yana nan. An ce kada a buɗe sai da gaggawa."

"Anti, mutum na tari a benci, Likita zai tafi nan da minti ashirin. Wace gaggawar ake jira?"

"Ke yarinya, aikinki kati ne. In kika taɓa kika ɓata hotunan shekara shida, sunan wa za a kira a ofis? Nawa."

"Sati biyar yana durowa ba a kira sunan kowa ba."

Sai a lokacin Anti Babba ta juyo. Ta dube ta sama da ƙasa, irin kallon da ke sa sababbin nas su manta sunansu. 'Yar Kati ba ta sunkuyar da kai ba. Ta zaro biro daga aljihu.

"Ba ni in rubuta sunana da kwanan wata a bayan ambulan ɗin. In ya ɓaci, ni ce."

Tarin Baba Tela ya ratso bango, dogo, mai jan numfashi a ƙarshe. Anti Babba ta kalli hannun rigarta, wadda shi ya ɗinka. Ta buɗe kabad, ta ɗaga wani tsohon littafin rajista, ta zaro ambulan, ta miƙa mata.

"Ajiye bironki. Bakinki ya fi ki girma."

Sha biyu saura kwata 'Yar Kati ta dawo gaban allo. Ta fara rubuta abin da Injiniya ya ce. Bakwai, bakwai. Yatsanta na kan na ukun sai ta tsaya.

A aji an gaya musu ma'anar lambobin nan. Na farko na mai abu ne, na biyu na rukuninsa, na uku na kowa da kowa. Bakwai kuwa na nufin ka duba, ka canja, ka goge. Kuma ta san su wa ke zama a kujerar nan. Akwai asusun baƙi a kwamfutar. Ɗalibai masu koyon aiki suna hawa, masinja na hawa, har mai kantin magani na tsallaken titi yakan shigo ya buga takarda. A faifan kuwa ba hoton ƙirji kaɗai ba ne. Akwai sakamakon gwajin jinin rabin unguwar, irin wanda mutum ba ya so ko ɗan'uwansa ya ji.

Ta goge layin.

"Me kike yi?" Mai Hoto ya dafe kai. "Mai abin da kansa ya ce ki sa bakwai uku!"

"Mai abin yana kan tsani. Kana so mai kantin magani ya karanta gwajin matarka?"

Ya sauke hannu daga kansa, ya matsa gefe.

Ta jawo littafin ajinta daga jaka, ta dinga buɗe shafi har ɗaya ya yage. Ga shi: umarnin canja mai abu. Ta rubuta a mayar da faifan gaba ɗaya hannun asusun Mai Hoto, ta sa kalmar sirrin, ta danna. Faifan ya hau ƙara kamar ana tankaɗe tsakuwa. Allo ya yi tsit. Minti ɗaya, biyu. Hotuna da takardu sun fi dubu arba'in, tsohon faifan yana bin su ɗaya bayan ɗaya. Ta miƙe, ta zauna, ta sake miƙewa. A waje direba ya danna ham.

"Shi ke nan," in ji Mai Hoto. "Ga Likita can ya ɗau jaka."

Ta leƙa. Likita ya fito, amma bai kai ƙofa ba. Anti Babba ta tsaya a tsakiyar hanya, ta karɓe jakar daga hannunsa kamar za ta taya shi ɗauka, ta rungume ta.

"Likita, minti biyar."

"Anti, ana jira na."

"Na riƙe ka kana ɗalibi kana rawar hannu wurin allura. Minti biyar na ce."

'Yar Kati ta koma, ta katse umarnin. Wauta ce ta ce sai an buɗe duka yanzu. Hotunan a jere suke cikin jakunkunan faifan, shekara-shekara, wata-wata. Ta duba kwanan wata a katin Baba Tela, ta ba da umarnin a kan jakar watan kaɗai. Kafin ta ɗauke hannu ya gama. Ta danna faifan.

Kwaɗon yana nan. Saƙon ya sake fitowa.

Ta tsura wa layin ido, tana cizon leɓe. Ba ta yi kuskuren rubutu ba. To me? Sai abin ya faɗo mata: ta buɗe ɗakin ciki, ta bar ƙofar gida da ta zaure a kulle. Ta rubuta layi biyu, ɗaya na bakin faifan, ɗaya na jakar shekarar. Ta danna. Sunaye suka zubo a allo.

"Likita!"

Ya shigo yana duba agogo. Mai Hoto ya jera hotunan biyu gefe da gefe. Ko 'Yar Kati da ba ta san karatun hoto ba ta ga bambancin. A tsohon, tabon bai wuce maɓallin 'yar shara ba. A na yau ya kai maɓallin kwat.

Likita ya ajiye makullin ofishinsa, ya zauna, ya ce a miƙo masa takardar turawa. Ya rubuta, ya buga hatimi, ya ja layi biyu a ƙarƙashin "gobe".

Baba Tela ya karɓi takardar da hannu biyu, yana juya ta.

"'Yata, wannan labari mai daɗi ne ko akasinsa?"

Ta durƙusa a gabansa. "Baba, akwai abin da za su duba. Gara gobe da nan da wata biyu."

Ya gyaɗa kai, ya cire awon daga wuyansa, ya naɗe shi a hankali. "To ki gaya wa Anti rigarta za ta ɗan jira."

Bayan motar ta tafi, 'Yar Kati ta ƙarasa aikin a tsanake. Ta buɗe rukuni na ma'aikatan da ke da hurumin ganin hotuna, ta ba su izini, ta bar sauran mutane a waje. Ta rubuta yadda aka yi a takarda da manyan baƙaƙe, ta manna a cikin murfin kabad. Mai Hoto yana ta cewa ai shi ma dama ya yi zargin kulle ne.

Amma zama ya gagare ta. Ta koma ɗakin kati, ta zaro katunan Laraba biyar da suka wuce, ta ware duk wanda aka rubuta wa "babu tsohon hoto". Sha tara. Mutum sha tara da aka sallama gida da maganin tari, alhali amsarsu tana kwance a durowa kusa da matattun batura. Ta jera su a tebur. Anti Babba ta shigo, ta duba. Ta raba katunan biyu, ta ɗauki rabi, ta jawo kujera, ta zaro wayarta.

Lambar farko da 'Yar Kati ta kira ta daɗe tana ƙara ba a ɗauka ba. Ta sake kira.

Kai kuma da ka karanta har nan, akwai irin durowar nan a wurin aikinka, ka san ta sarai. Akwai abin da kowa ya yarda ya mutu ba tare da an duba ba, akwai ambulan da ake tsoron buɗewa. Gobe da safe, kafin ka gaisa da kowa, jawo durowar. Jona shi. In saƙon ya fito, ɗauke hannunka daga linzamin kwamfutar, ka karanta shi har ƙarshe.