Badon da Ya Tsiro a Gonar Kezaya

Bana na yi fushi da Allah, kuma ban ɓoye masa ba. Shekara ashirin da biyu ina ba da waƙa a 'yar majami'armu da ke bayan Tsamaye, mata na amsawa, ana buga tulu. Ranar godiyar kaka kuwa ni ce a gaba da damin gero a ka, kowa na biye da nasa har gaban bagade. To, a watan Agusta tabkin da ke ƙasan gonata ya cika ya batse, ya haura ya kwanta a kan geron da ya fara fid da kai. Ko zangarniya ɗaya ban cira ba.

Saura kwana shida a yi godiya, Fasto Labbo ya zo har gida.

"Mama Kezaya, ke za ki ba da waƙa ran Lahadi kamar kullum."

"Ba ni zuwa," na ce. "Godiyar mi za ni yi? In tsaya gaban Ubangiji hannu wofi, in buɗa baki in yi mai ƙarya?"

"Ba don gero muka yabo nai ba, Mama."

"Kai da rumbunka ya cika kana iya hwaɗin haka."

Maganar ta soke shi. Na ji kunya, amma ban janye ba. Da zai fita sai ya juyo ya ce, "Ki tai gonar ki hwaɗa ma Ubangiji can. Ba ni na aiko ruwan ba."

Tun da ruwa ya ci gonar ban taka ta ba, wata biyu cur. Washegari da sassafe na tafi, ba don ina so ba, sai don ban saba a ce in yi abu a sha'anin Allah in ƙi ba. A hanya ina ta jera maganganun da zan gaya masa, kuma ba masu daɗi ba ne.

Da na isa sai na rasa gane wurin. Ruwa ya kwanta luf, sama ta sauko cikinsa gaba ɗaya, har gajimare na wucewa ta inda kunyoyina suke. Daga bakin hanya zuwa gindin gawon da ke iyaka, farin fure ne ya rufe ko'ina, yana buɗewa sannu a hankali yadda rana ke tashi. Balbelu na tsaye a tsakiya ba sa motsi. Na daɗe ban san ko a farke nake ba. Maganganun da na zo da su duk suka zube, na nemi ɗaya na rasa.

"Ƙawa, ina kwana?"

Hajjo ce, Bafillatanar da ke kawo mana nono, tsaye a bakin ruwa da ƙwarya, ta naɗe zane zuwa gwiwa.

"Kwana ukku ina zuwa nan ina komawa," ta ce. "Ban so in ɗiba ba ki sani ba."

"Mi za ki ɗiba? Ruwa?"

"Bado mana! Ba ki ga ya ƙosa ba? Gonarki ta, amfaninki na."

Amfanina. Ni da na san bado abincin shekarar yunwa ne, wanda kakata ke shanya 'ya'yansa a bayan ɗaki don kada maƙwabta su gani. Hajjo ta shiga ruwa, ta laluba ƙarƙashin ganye, ta ciro ɗaya kamar dunƙulen hannu, ta fasa. Cike yake da ƙananan ƙwayoyi, sun fi gero ƙanƙanta.

"Wa ya shibka miki wanga?" ta ce tana dariya. "Ke dai kina gida kina kumburi."

Na tuɓe takalmi na bi ta. Ruwan da sanyi, laka na shiga tsakanin yatsuna. Muka yi ta ɗiba har rana ta take, ina kuka, ita kuma ta yi kamar ba ta gani ba.

Ran Lahadi na shiga layi da ƙwarya a ka maimakon dami. Ban ba da waƙa ba. Ina jin 'yan zumuntar mata na ƙus-ƙus a bayana, wata ma har da ƙyaƙyacewa. Na ajiye ƙwaryar a tsakiyar dammunan mutane, ta yi 'yar mitsitsiya.

Fasto yakan kira kowane baikon da aka kawo da sunansa kafin ya sa albarka. Ya kira gero, ya kira dawa, ya kira wake. Da ya zo kan ƙwaryata sai ya yi kamar zai tsallake ta, yana neman yadda zai rufa mini asiri.

Na miƙe tsaye.

"Kira shi, Fasto, bado na. Ni gero na shibka, Ubangiji ya shibka wanga. Har yanzu ban gane dalili nai ba. Amma ya ƙosa, na girbe, ga nashi na kawo mai."