Hancin Roba

Sau biyu muna kai Tsiwa wurin likitar haƙori, sau biyu muna dawowa da kogon haƙorinta yana nan. Shekararta huɗu. Da ta ga fitilar kujerar sai ta datse baki. A zuwa na biyu har yatsan likita ta ciza.

Likita ta zaunar da mu, ni da Yaya, uwar yarinyar. Ta ce hanya uku ce. Akwai iskar da ake shaƙa ta wani ɗan hancin roba, yaro yana farke amma tsoro ya sake shi. Akwai maganin sha mai sa gyangyaɗi, sai dai Tsiwa ba ta haɗiye magani, fesowa take. Ta uku, a shiga da ita ɗakin tiyata a sa ta barci gaba ɗaya.

"Ban da wannan," in ji Yaya. "Ba zan tsaya bakin ƙofa 'yata na ciki ba ta san inda kanta yake ba."

"To, iskar ke nan. Amma sai ta ja numfashi ta hanci. In ta ƙi, tiyata ce ta rage."

Ni fentin mota nake yi, kullum da takunkumi a fuskata. Na sayo ƙarami na kai gida. Kwana shida, da na taso daga gareji, muna fesa wa kujerun falo fentin ƙarya da gorar ruwa. Doka ɗaya na kafa mata: mai fenti ba ya buɗe baki.

Ranar da muka koma, likita ta miƙo hancin robar. Tsiwa ta juya shi, ta taɓe baki.

"Na Kawu ya fi wannan girma."

"Wannan na oga ne," na ce. "Ni ban kai ba."

Da hannunta ta ɗora. Ta ja, ta sake ja. Kafaɗunta suka sauka, idanunta suka fara dariya. Yaya ta damƙe hannuna har farcenta ya shige ni.

"Yauwa, 'yar gari. Buɗe baki in gani," in ji likita.

Tsiwa ta girgiza kai, ta nuna ni da yatsa. Kwana shida ina koya mata rufe bakin da aka zo a buɗe.

"Me ka koya mata?" Yaya ta ce ƙasa-ƙasa.

Na durƙusa dab da kunnenta. "Oga, an canza aiki. Yau ke ce motar. A buɗe bonet."

Ta kalle ni kamar tana shawara. Sai ta wangale baki, har da ƙarar inji.

Minti ashirin aka cike haƙorin. Likita ta cire safar hannu ta ce ba maganar tiyata. Yaya ta ɗirka min duka a baya tana dariya, hawaye na zuba.

"Saura kaɗan ka ja mana, uban 'yan doka."

Na fita baranda, na duba ba kowa, na daka tsalle sau ɗaya.